Idon Aramide na Hagu

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "Baba Sabo, ina sauran?", ku yi haƙuri. Wannan shafin na yi ta farawa ina gogewa. Lafiyata ƙalau, zuciyata ce ba ta son komawa wurin. Amma tunda na kawo ku har bakin fili, ba zan bar ku a tsaye ba.

Mun tsaya inda Madam Tinuola, mai filin wasan harbin fenti da nake wa aiki a bayan garin Ibadan, ta yarda Koci Akinjide ya yi gwajinsa. Tun bara da ƙwayar fenti ta fasa wa 'yarsa Aramide idon hagu ana tsakiyar wasa, bakinsa bai sauka daga kan mutum ɗaya ba. Ladipo. Saurayin da shi ya koya wa riƙe bindiga, daga baya ya bar shi ya kafa tasa ƙungiyar. Koci ya rantse Ladipo ya ga ta ɗaga takunkumin kare fuska, ya auna ta da gangan. In gwajin ya nuna haka, Madam za ta hana Ladipo filin har abada, ta sanar da sauran masu filaye, Koci kuma ya wuce da maganar wurin 'yan sanda.

Safiyar Asabar ce, an kwana ana ruwa. Ina wanke takunkuman haya, waɗannan masu gilashi da ke rufe fuska gaba ɗaya, ina jera su a benci, sai ga Aramide. Ta riga kowa. Baƙin tabarau a fuskarta ko da yake babu rana. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Dubi ƙadangarun nan. Duk bakinsu ya koma rawaya, fentin jiya suka lashe. Tun ɗazu nake tunanin ko ƙwansu ma rawaya zai fito."

Da can irin wannan maganar tawa ke sa ta dariya har ta riƙe ciki. Yau ko murmushi babu.

"Baba, ka ce injin cika iska ya mutu."

"Wane injin?"

"Guda nawa gare mu? Ka ce ya ƙi tashi. In babu iska a tukunya, bindiga ba ta harbi. In babu harbi, babu gwaji."

"Aramide, ubanki da hannunsa ya gyara injin nan. In na ce ya mutu, riga zai cire ya tashe shi."

"To ka ce damshi ya kumbura ƙwayoyin."

"Da nasa yake zuwa. A cikin kula yake ajiye su, kamar maganin allura. Kin fi ni sani."

Ta zauna a bakin bencin, ta ɗauki takunkumi ɗaya tana juya shi.

Na ce, "Ke kuwa me kike tsoro? In Ladipo ne, gara a sani. In ba shi ba ne, kowa ya huta."

"Ba kowa ba, Baba."

Kafin in tambaye ta wa take nufi, ɗan acaɓa ya sauke Ladipo. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. A bayansa a-kori-kurar Koci ta shigo tana watsa taɓo, Madam Tinuola a gaba tana riƙe da ɗankwalinta.

Koci na sauka, Ladipo ya zube rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙirji da haɓa duka.

"Barka da asuba, Koci."

Koci ya zagaye shi kamar an ajiye buhu a hanya.

"Ajiye kwanciyar nan, za ka buƙace ta a sel ɗin 'yan sanda."

Ladipo bai tashi ba. Daga ƙasan ya yi magana.

"Koci, ni ne. Na amsa. Na ga ta ɗaga takunkumi, na harba. Madam, ki kore ni yau ɗin nan. Ba sai an yi gwaji ba."

Madam ta tafa hannu.

"Ah-ah! Tun bara ana tambayarka kana zare ido kamar akuya a mahauta, yau da sassafe bakinka ya buɗe? Wa ya ba ka shayi?"

Aramide ta miƙe da sauri ta kama hannun ubanta.

"Dadi, ya amsa. Me kuma ya rage? Mu tafi gida in tuƙa maka tuwon amala, ko karyawa ba ka yi ba."

Koci ya daɗe yana kallon Ladipo.

"A'a."

"Dadi."

"Aduke, sake ni." Shi kaɗai ke kiranta da wannan sunan. "Ba zan karɓi sadaka daga hannun wannan ba. Gobe ya zagaya gari yana cewa tausayin tsoho ya ji ya amsa. Sai na nuna, kowa ya gani da idonsa."

Da ya ce "idonsa" ya ɗan tsaya. Sannan ya juya ya buɗe bayan mota.

Koci ko ranar baƙin ciki ce sai ya koyar. Ya ɗaura tukunyar iska, ya cika ƙoƙon bindiga da ƙwaya, ya zura tsinken goga a bakinta ya fito da shi ya duba.

"Ƙwaya ɗaya ta fashe a ciki, duk waɗanda za su biyo baya karkacewa za su yi. Ba na son a ce bindiga ce ta yi ƙarya."

Ya harba ta cikin na'urar auna gudu, ya nuna wa Madam lambar.

"Kin gani, daidai ƙa'ida. Yanzu kowa takunkumi. Daga ragar nan zuwa ciki, ko kunama ce ta shiga maka cikin takunkumi, ka bar ta ta harbe ka sai ka fito waje."

Madam ta ce, "To wa zai kwanta a wurin Aramide? Ba dai ita ba."

"Ita tana bayan raga. Ko ƙuda ba zai wuce kusa da fuskarta ba."

Duk suka juyo suna kallo na.

Na ce, "Ni? Da wannan gwiwar?"

"Tsayinku ɗaya, Baba Sabo," in ji Madam. "In ka kasa tashi za mu kira a-kori-kura ta ja ka."

Haka na shiga. Filin dai kun san shi. Maciji, wato dogon jerin tayoyin nan, yana bin shinge ta hagu. Shuɗin durom yana can gaba ta dama. A wajen gida, inda ƙungiya ke farawa, akwai gawar tsohuwar bas, wadda wata kaza ta mayar da kujerar direbanta wurin ƙwai. An sha harbi a kanta, ba ta taɓa tashi ba. Ni dai na yi imani kurma ce.

Koci ya tsaya a tsakiya yana nuni da bakin bindiga.

"Ranar ni ina baya, a gindin bas. Aikin na baya ɗaya ne, ya yi ta zuba fenti ta saman maciji don kada wani ya zagayo wa na gaba. Aduke tana jan ciki a bayan tayoyi, kai a ƙasa, gwiwar hannu a matse. Wannan kuma," ya nuna Ladipo, "yana bayan durom. Bai motsa daga nan ba. Haka ne?"

"Haka ne, Koci."

"Baba Sabo, kwanta."

Na kwanta a taɓo. Warin tsohon fenti ya cika mini hanci, kamar man kifi da aka manta a rana. Koci ya je bayan durom ya durƙusa, ya leƙo da ido ɗaya da bakin bindiga kawai, yadda yake koya wa yara.

Fat, fat, fat.

Duk a jikin taya suka fashe.

"Ɗaga kai!"

Na ɗaga. Ɗaya ta same ni a goshin takunkumi, ta dama.

"Ƙara ɗagawa!"

Na ƙara. Wata ta fashe a kuncin dama. Wata a kunnen dama. Koci ya fito daga bayan durom ya matsa gefe yana neman hanya.

Madam ta ɗaga wa Koci murya daga bakin raga. "Baba Aramide, koma wurinka. Kai da bakinka ka ce yaron bai bar durom ba."

Ya koma. Ya gwada a tsaye, ya gwada a kwance, ya gwada da hannun hagu. Gefen damana ya koma kamar an kifa mini kwanon miyar ja, amma gilashin hagu tas yake, don shinge ne a wannan ɓangaren, ba ta inda ƙwaya za ta zo.

Koci ya sauke bindiga. Ina jin numfashinsa daga inda nake.

"Aduke. Matso jikin raga."

Ta matso.

"Yaya kike a lokacin?"

"Na manta, Dadi."

"Ɗan wasa ba ya manta maɓoyarsa. Gilashinki ya yi hazo, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Me na koya miki in gilashi ya yi hazo?"

"In ɗaga bindiga sama in fita."

"Kin fita?"

"Tutar da muke neman ɗaukowa tana gabana, Dadi. Ban taɓa kaiwa kusa haka ba. Na ce yatsa ɗaya kawai zan sa in goge."

"To kin saɓa ta farko. Ta biyun fa? In ya zama dole ki taɓa kayanki a cikin fili, yaya ake zama?"

Ta kawar da kai gefe.

"Ina tambayarki!"

Ladipo ya ce, "Koci, na riga na faɗa maka ni ne, don Allah ka..."

"Rufe mini baki. Ko ɗan kwana ɗaya a hannuna ya san wannan. Baya ga taya, don abokin gaba kada ya gan ka. Fuska kuma ga..."

Bai ƙarasa ba.

Ruwan da ya taru a cikin tayoyi na ta ɗiga.

Can ya ce, a hankali, "Baba Sabo, tashi zaune. Jingina bayanka da taya."

Na zauna. Durom ya koma bayana, ko alamarsa ba na gani. Shinge ya dawo damana. A gabana, ta ɗan hagu, babu komai sai bas ɗin nan da kazarta.

Koci ya soma tafiya wajen bas. Ladipo ya ruga ya faɗi ya rungume ƙafarsa.

"Koci, ka kai ni wurin 'yan sanda. Yanzu ma. Ni zan biya kuɗin acaɓa."

Koci ya ja ƙafarsa da shi a jiki, har Ladipo ya gaji ya saki. Aramide ta ɗaga raga za ta shigo.

"Takunkumi!" Koci ya daka mata tsawa ba tare da ya juyo ba.

Ta tsaya ta sa, sannan ta shigo. Madam ta riƙe ta a gefe.

Koci ya durƙusa a gindin bas, wurinsa na kullum, inda gwiwarsa ta yi rami a ƙasa. Ya ɗaga bindiga ya saki ruwan fenti. Na ji suna wucewa ta saman kaina, fiu, fiu, can sama, suna fashewa a jikin shingen ƙarshe. Ko ɗaya ba ta taɓa ni ba.

Madam ta sauke ajiyar zuciya. "Mun gode Allah. Ka gani, sama suke bi. Ƙaddara ce kawai, Baba Aramide, ba a san ta inda ta fito ba. A bar maganar nan haka, kowa ya je ya ci abinci."

"Eh, Dadi, sama suke bi," in ji Aramide da sauri. "Ka gani ai. Mu tafi."

Ni ma na soma neman abin dafawa in tashi.

"Baba Sabo, zauna."

Na koma.

"Ranar mun daɗe a ciki," in ji Koci, kamar da kansa yake magana. "Iskata ta kusa ƙarewa. Na ji muryar bindigar ta canja, ta koma kamar tari. Kullum ina gaya musu, in ka ji haka ka daina, don ƙwaya ba za ta kai ba, a hanya za ta sauko. Na ji. Na ce bari in ƙarasa ɗan abin da ya rage a ƙoƙo, kada a zagayo wa Aduke."

Ya juya bakin bindiga ƙasa ya yi ta harbin taɓo. Fat, fat, fat. Yana ƙara ƙwaya yana harbi. Kazar na zaune a kan ƙwanta tana kallonsa. Mun daɗe a haka. Sannan ƙarar ta soma dusashewa. Fuf. Fuf.

Ya ɗago bindigar, ya saita daidai inda ya saita ɗazu.

Ta farko ta wuce gab da kaina. Ta biyu ta goge gashina.

Ta uku na gan ta. Wallahi na gan ta tana tahowa, 'yar ƙarama, rawaya, tana saukowa a hankali kamar ta gaji.

Tas.

Gilashin hagu ya rufe. Na zauna ina kallon rabin fili da ido ɗaya. Rabin bas, rabin sama, rabin Koci. Na ce a raina, ashe haka yarinyar nan ke ganin mu tun bara.

Koci ya taso. Tafiyar daga bas zuwa maciji ba ta da nisa, amma kafin ya iso ya zama tsoho kamar ni. Ya sa yatsa ya taɓa fentin da ke gilashina, ya duba yatsan. Sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Dadi..."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ƙwayar ta iso. Na gan ta."

"A asibiti na tambaye ki. Na riƙe hannunki na ce wa ya yi miki wannan. Kika ce ba ki gani ba."

"Me zan ce maka? Ko takalmi ba ka da shi a ƙafa, a guje ka ɗauko ni. Rigarka duk jinina. In ce maka me?"

"Shi fa?"

Ladipo ya ce, kansa a ƙasa, "Daga durom ko hularta ba na hangowa, Koci. Na san ba ni ba ne. Da na je duba ta, ta roƙe ni in yi shiru."

"Na tofa maka yawu a gaban yaranka."

"Eh, sa."

"Na je gidanku na zagi mahaifiyarka a gaban maƙwabta."

"Ta yafe, sa. Na gaya mata dalili."

"Har ita ta sani?"



Koci ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta ba. Ya sake juyawa wajen Aramide.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, Aduke. Tun kina ƙarama nake gaya miki ba a ɗaga takunkumi. Na dake ki a kan wannan. Na hana ki wasa a kan wannan. Me ya sa kika ɗaga?"

Muryarta ta fito ta cikin takunkumin a shaƙe.

"Na duba, Dadi. Ban ɗaga haka kawai ba, sai da na duba. Na ga babu kowa a wajen sai kai."

Madam ta rufe fuska da gefen zaninta. Ni gilashina na dama ma ya yi hazo, kuma ba damshin safiya ba ne.

Koci ya kwance tukunyar da ta ƙare ya yar a taɓo. Ya zaro cikakkiya daga ɗamararsa ya ɗaura, ya murza har ta yi tsaki. Ya girgiza ƙoƙo, ƙwayoyi suka yi ƙara a ciki.

"Baba Aramide, me za ka yi?" in ji Madam. "An gama gwaji. Ajiye abin nan."

Bai kula ta ba. Ya kai hannu bayan kansa ya kama igiyar takunkumi.

Tun da aka buɗe filin nan nake nan. Na ga an harbi Koci a wuya, na ga rina ta shiga masa cikin takunkumin nan, na ga ya yi amai a cikinsa bai cire ba sai da ya fita raga.

Ya cire shi. Ya sake shi ya faɗi kusa da ƙafata.

"Dadi, mayar!" Aramide ta ƙwalla ƙara. "Akwai bindiga a ɗane, mayar da shi!"

Madam ta rirriƙe ta. Koci ya juya gindin bindigar ya miƙa wa Ladipo.

"Ladipo. Duk cikin waɗanda na koyar, babu mai saitinka."

"Koci, don girman Allah."

"Na ci mutuncinka, na ci na uwarka. Wannan kuma na ci idonta. Ba ni da abin da zan ba ku sai irin abin da na ɗauka." Ya sa yatsa mai fenti a ƙarƙashin idonsa, ya bar rawayan tabo a wurin. "Na hagu. Kamar nata."

"Ladipo, kada ka taɓa ta!" in ji Aramide. "Ladipo, ka ji ni?"

"In ba ka karɓa ba," in ji Koci, "ni zan juya ta da kaina."

Yatsansa yana kan kunamar bindigar.

Ladipo ya dubi Aramide. Ya dubi yatsan.

Sannan ya miƙa hannu ya kama bindigar.